Inuwa da yaɓe: abin da rakiyar baƙi ta koya mini a tsohuwar Katsina

Rakiyar baƙi ba ita ce sana'ata ta asali ba. Malamin tarihi ne ni a wata makarantar sakandare a nan Katsina, kuma da ɗalibaina na fara zagayen cikin gari. Daga baya abokai suka riƙa turo mini nasu baƙin: 'yan bautar ƙasa daga Kudu, ɗaliban jami'a masu rubuta kundi, dangin amarya da suka zo biki daga Maraɗi ko Kano suka ga da sauran yini, jefi-jefi kuma Bature. Kowa na zuwa da jerin abin da yake son gani a wayarsa, kuma jerin kusan ɗaya ne: Hasumiyar Gobarau, Gidan Korau wato fadar Sarkin Katsina, tsohuwar Kwaleji da ke Rafukka, sai ƙofofin gari.

Abin da babu a jerin kowa shi ne rana. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, kuma mutumin da ƙeyarsa ke tafasa ba ya jin labarin Korau, ko wa ke ba shi. Dole ta sa na san inda kowace inuwa take tsakanin Rafukka da Ƙofar Soro, da lokacin da take faɗowa gefen da za a iya tsayawa. Akwai tsamiyar da ke da amfani da hantsi, amma da azahar inuwarta ta koma cikin gidan mutane. Akwai durumin da dattawa suka riga kowa, sai an yi sallama an gaisa kafin a raɓa. Dogon bayani a inuwa nake yin sa tun kafin a isa wurin. In an isa, sai in ja bakina in bar mutane su kalla.

Yawanci daga Rafukka nake farawa, don a can baƙo zai samu wurin zama ya saurara. An fara karatu a Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Don horar da malamai aka kafa ta, sai ga shi ta yaye mutanen da suka riƙe Arewa da ƙasar baki ɗaya. Ahmadu Bello ya gama a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1933, ga Kashim Ibrahim, ga Abubakar Imam. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, daga can kuma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ginin da ta bari shi ne gidan adana kayan tarihi na yanzu. Ɗalibai na son wannan jerin sunaye, har wani kan nemi a nuna masa ainihin kujerar da Sardauna ya zauna a kai. Ni kuwa yanzu na fi son in ce su ɗaga kai su dubi rufi.

Wani dattijon magini ne ya koya mini ɗaga kai. Na tarar da shi yana gyaran zauren wani gida a wajen Masanawa, na tsaya kallo har ya gaji da tsayuwata.

"Malam, mi kake nema ne?" in ji shi. "In koyo ka zo, tuɓe takalmi ka taka mana ƙasa."

"A'a Baba, ido kawai na kawo."

"To ido ba ya yaɓe. Amma zauna."

Daga bakinsa na gane cewa rabin ginin ƙasa itace ne. Azarar da ke riƙe da rufi gangar giginya ce aka tsaga, kuma an zaɓe ta ne don gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai ba ta jure nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar mita 2, shi ya sa ɗakunan dā suke da ƙunci. In ana son fili, sai magini ya jera azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, a yi ta tafiya daga bango biyu har bakan gizo ya haɗu a sama. In aka giciya irin wannan aka rufe, ɗaurin guga ke nan, wanda baƙi ke ɗaukar hotonsa suna zaton ado ne kawai, alhali shi ke hana rufin zubo musu. Makubar da ake shafe bango da daɓe da ita don ruwa ya zame, daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake jiƙo ta. Laso kuma, wanda ake shafe rufin soro da bakin indararo da shi, haɗi ne na katsi da gashin jima da ruwan dafara. Katsin nan daga ƙasan karofi ake kwaso shi, abin da ya kwanta na baba da toka, a ƙona a daka. Ke nan soro guda yana buƙatar marini da majemi da manomi da mai gatari kafin a zo kan magini. Da marina suka ragu a garin nan namu da ake yi wa kirari da waliyyi Ɗan Marina, magini ya fara neman katsi ido rufe, ba tare da kowa ya taɓa bangon komai ba.

Tun daga nan na daina raba itatuwan unguwa da gine-ginenta a cikin bayanina. A dā itace wurin tsayawa ne kawai kafin a kai ga abin kallo. Yanzu in muka wuce giginya sai in tsayar da su in ce ga rufin Kwaleji tun yana tsaye da ganyensa.

Yawancin inuwar da muke sha yau a bakin tituna da tsohuwar unguwar Turawa ta bedi ce, dogonyaron nan. Shi ma baƙo ne. A 1928 aka shigo da shi Najeriya, aka fara dasa shi a Borno, wato Kwaleji ta girme shi a ƙasar nan. Ban raina shi ba. Yana jure fari, yana saurin girma, kuma in babu shi da tuni aikina ya tsaya a watan Afrilu. Amma ba ya ba da azara, ba ya ba da makuba. Giginya kuwa sai ta shekara aru-aru kafin gangarta ta ƙosa, wanda ya binne ƙwallonta yawanci jikansa ne zai tsaga. Gari na iya yin kore shar da bedi, a lokaci guda kuma itatuwan da ke riƙe da tsoffin sorayensa suna ƙarewa a bayan gari ba wanda ya lura.

Tsohuwar Katsina ma ai da gonarta a cikinta. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo a 1851 ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, ya kuma tarar da gidaje sun cika ɗan ɓangare ne kawai na abin da ta kewaye. Yaƙe-yaƙen jihadi da komawar kasuwa Kano sun rage mutane, gaskiya ne, amma tun asali birni kan bar fili a ciki, don garin da za a iya yi wa ƙawanya dole ya iya ci da kansa. Yau filin ya zama gidaje, ganuwar ta koma tudu nan da can. Ƙofofin suna nan da sunayensu, Ƙaura da Kwaya da Guga da 'Yandaka da Durɓi da Marusa da Sauri, sai dai yawancinsu siminti ne. Nakan nuna wa ɗalibai Ƙofar 'Yandaka in ce ta nan Lugga ya shigo a 1903, mu wuce. Ba na daɗewa a kansu.

Inda nake daɗewa shi ne Gobarau. Tsayinta kusan mita 15, kuma labarin baka ya danganta ta da Muhammadu Korau, sarkin Katsina na farko da ya yi mulki a matsayin Musulmi, wasu masana kuma na haɗa ta da zuwan Shehu Maghili a ƙarshen ƙarni na 15. An ce da aka yi gardama kan alƙibla wajen ginin masallacin, Malam Jodoma ya nuna da sandarsa sai ga Ka'aba kowa na gani. Ina ba da wannan labarin duk lokacin da muka je, da "an ce" ɗinsa a gaba, domin yadda mutane suka riƙe abu a ka shi ma tarihi ne, kuma baƙo ya cancanci ya san wanne ne daga takarda, wanne ne daga baki.

Tambayar da ba ta taɓa tsallake ni a gindin hasumiyar ita ce, "Wannan ita ce ta asali?" Masu karatu sun fi yin ta, kuma in na ce an sha gyara ta sai ka ga fuska ta canja, kamar an sayar musu da jabu. Nakan ce su tuna ruwan Agusta. Kowace damina sai ta wanke wani abu daga jikin bangon ƙasa, indararo ya toshe, tsaga ta buɗe, ciyawa ta tsiro a rufi saiwarta ta huda laso. Ginin ƙasa kamar dabbar kiwo yake, ranar da aka daina ba shi ya fara ramewa. Hasumiyar da ta ga ƙarni biyar ta gan su ne don a kowane zamani an samu wanda ya hau da ƙasa a kansa ya mayar da abin da ruwa ya ɗauke. Abin da ya tsufa a Gobarau shi ne wurin, da siffar, da sanin yadda ake yi. Fatar waje kuwa tana iya zama sa'ar ɗalibin da ke tambayar. A ganina wannan bai rage mata komai ba, amma na ga waɗanda ba su gamsu ba, kuma ba na ja da su.

Gobarau da Kwaleji dai suna da hukuma a kansu. Abin da ya fi damuna shi ne sauran unguwar, zaurukan talakawa da na malamai da ke lunguna, waɗanda su ne ke sa baƙo ya ji lallai yana cikin tsohon gari. Waɗannan aljihun mai gida ne kaɗai ke riƙe da su. Wata ɗalibar jami'a ta taɓa ganin wani zaure mai zanko da zanen dagi a goshinsa, ga bulo an jibge a gefe, ta kasa haƙuri.

"Don Allah Baba, kada ku rushe shi. Wallahi ya yi kyau."

Dattijon ya yi murmushi. "Ɗiyata, ke hoto za ki ɗauka ki tafi. Ni zan kwana ciki in ruwa ya sauko."

Ba ni da amsar da zan ba shi, har yau. Yaɓe kuɗi ne duk shekara, azara daga nesa ake kawo ta yanzu, maginin ƙasa ya yi ƙaranci don yaransa sun koma bulo inda aiki yake. Siminti da kwano zafi gare su, kowa ya sani, ɗakin ƙasa ya fi su sanyi da rana, ya fi su ɗumi da hunturu. Amma mai gida lissafin shekara goma yake yi, kuma duk baƙin da na taɓa ratsawa da su ta ƙofarsa ba wanda zuwansa ya saya masa ko kwandon makuba. Mu masu son tarihi muna da saurin zargin irinsa da rashin kishi. Ni na daina.

Ga kuma kara. Katsina ɗakin kara ce, kuma wannan na wahalar da mai rakiya fiye da yadda ake zato, domin Bakatsine ba zai ce maka a'a ba. Ka nemi izinin shiga da baƙi, zai ce "to, bismillah" ko da matarsa na tsakar gida tana daka, ko da akwai mara lafiya a ɗaki. Sai ka koyi jin a'ar da ke cikin "to". In ya ɗan waiga ciki kafin ya amsa, a zaure za mu tsaya. Ba a ɗaga waya a kan mata a lungu. A maƙabartar Ɗan Marina nakan tuna wa baƙi cewa ban da waliyyi akwai iyayen mutanen da ke kallonsu a kwance a wurin, a yi sallama, a yi addu'a, a mayar da waya aljihu. In lokacin salla ya yi, zagaye ya tsaya. Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garin shi zai sake biyowa ta lungun gobe, don haka ni nake da abin asara in aka ɓata.

Abin da na iya yi kaɗan ne. Ina sa baƙi su sha fura a unguwar, su sayi abin da ake sayarwa a nan maimakon su zo da komai a mota. Ɗalibaina kuma na sauya musu aikin gida. Maimakon su kwafo mini shekarun sarakuna daga intanet, kowa ya nemo tsohon gini ɗaya a unguwarsu, ya gano wa ya yi masa yaɓe na ƙarshe, yaushe, daga ina aka samo azararsa, da wane itace ne mafi tsufa a kusa da shi. Da yawa kan dawo su ce maginin ya rasu. Wasu kuma kan dawo da labarin da ban taɓa ji ba, daga bakin kakanninsu.

An taɓa gayyatar mu wani zama kan yadda za a jawo masu yawon buɗe ido. Shawarwarin da aka kawo duk na allon bayani ne da fenti da shafin intanet. Da aka zo kaina na ce a sa albashin magina 'yan kaɗan tare da yaran da za su koya a hannunsu, a kuma ware fili a bayan gari a shuka giginya da ɗorawa. Mai rubutu ya rubuta. Wanda ke zaune kusa da ni ya matso ya raɗa mini cewa in rage buri, giginya ba ta kai a yanka mata ƙyalle da almakashi kafin wa'adin kowa ya ƙare.