Na sauke Golf ɗina ƙasa

Golf 7 GTI ɗina tana da DCC, wato shokozoba mai lantarki da kwamfuta ke taurarawa ko sassautawa. A Apo na sa mata gajeren sifirin, ta sauka kusan inci ɗaya. Wallahi ta yi kyau, kuma a kwana ta daina kwanciya gefe.

Abin da na nace wa bakanike shi ne sansar tsayi, ɗan hannun nan da ke maƙale kusa da taya. "Oga, ka saita ta da kwamfuta," na ce masa, don da ita motar ke sanin inda shokozoba yake. Sannan alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, dole ne, in ba haka ba taya za ta cinye ta ciki.

Tudun rage gudu na Gwarinpa kam, yanzu a karkace nake hawa.