Motar Baba ta Roba da Maganar da Yaya Ya Yaɓa Mini

A watan Disamba rana tana faɗuwa a Birmingham kafin ƙarfe huɗu na yamma, ta yadda mutum zai sallaci Azahar da La'asar da Magariba kusan a jere, sannan ya zauna ya fuskanci dogon dare shi kaɗai. Aikin jinya ne ya kawo ni Ingila, kuma ranakun hutu sun fi ranakun aiki yi mini nauyi. A Sakkwato ban taɓa neman abin da zan yi da lokacina ba, domin ga majalisarmu ta ƙofar gida a Rijiyar Ɗorowa, ga teburin mai shayi, ga suna da ɗaurin aure da gaisuwar rasuwa da ba sa yankewa. A nan kuwa maƙwabci zai yi maka murmushi a bakin ƙofa, ya shige, ya mayar da ƙofa ya kulle.

Wani dattijo Bature da ke tura gadon marasa lafiya a wurin aikinmu shi ne ya gayyace ni ƙungiyarsu ta masu harhaɗa ƙananan motoci da jiragen roba. Yawancinsu tsofaffi ne da suka bar aiki, waɗanda suka tashi da kayan kamfanin Airfix, wanda ya fara wannan sana'a da ƙaramar tarakta samfurin Ferguson a 1949. Jiragen yaƙi da tankokin Yaƙin Duniya na Biyu ba su taɓa burge ni ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani kwali na kamfanin Revell mai hoton Land Rover doguwa, zubi na uku, irin wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985 a Solihull, nan kusa da inda nake zaune. Irinta ce marigayi Baba ya saya a gwanjon gwamnati, ya shekara da shekaru yana jigilar 'yan kasuwa da ita zuwa Gwadabawa da Illela da Tangaza, lokacin da rairayi ke cinye duk wata ƙaramar mota da ta sauka daga kwalta.

An rage girman motar sau 24, saboda haka tsawonta bai kai santimita 20 ba, amma akwai inji da sitiyari da kujeru da komai, kowane ɗan yanki manne a jikin wani firam na roba, sai an yanko shi da tsinin wuƙa an goge bakinsa da samfefa. Gam ɗin ma narkar da robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama abu guda, don haka ɗigo ɗaya da ya zarce sai ya ɓata gilashi. Ban bi hoton kwalin ba. Na sa sitiyari a hagu, domin tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Na lanƙwasa siririyar waya na yi kariyar ɗora kaya a sama, na ɗinka buhunan albasa da ƙyallen bandeji na rina su da ruwan shayi, na rataya jarka da buta a baya, na rubuta lamba mai farawa da SO irin ta wancan zamani. Na ɗumama ƙofar baya kaɗan na lotsa ta daidai inda wani bijimi ya taɓa tunkuyarta a kasuwar Achida. Ƙura ce ta fi ba ni wahala. Garin launin da ake sayarwa ko dai ya yi duhu irin na laka, ko ya yi fari irin na hamada, sai da na niƙa allin zane ja da ruwan ƙasa na gauraya, na riƙa shafawa da busasshen buroshi a ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi, kafin na samu launin da hanyar Tangaza ke bar wa mota a lokacin hunturu.

A watan Nuwamba ƙungiyarmu ta kai ta babban baje kolin da ake yi kowace shekara a Telford. Mutane sun yi ta durƙusawa suna leƙen buhunan albasa, wani tsohon ma'aikacin masana'antar Solihull ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa ganin an yi wa motarsu irin wannan lodi ba. Ba zan ɓoye ba, ranar kaina ya kumbura.

Da wannan farin ciki na tura hotonta a zauren WhatsApp na gidanmu, inda akwai yayye da ƙanne da matansu da surukai. Wani ɗan Yaya ya binciko farashin kwalin a intanet, ya mayar da shi naira, ya liƙa a ƙarƙashin hoton. Sai ga saƙon murya daga Yaya Babba: "Muna nan muna jiran kuɗin kwanon ɗakin Inna, kai kana can kana wasan motar yara. Wanga shi na aikin da ka tai yi Turai?" Daga nan fuskokin dariya suka yi ta saukowa. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma lallai dariyar yaran da na biya wa kuɗin jarrabawa ta fi maganar Yaya yi mini ciwo.

Ban mayar masa da martani ba, domin ba a yi mana tarbiyyar sa-in-sa da na gaba ba, balle a gaban surukai. Amma maganar tana cina har yanzu. Tun da na zo ban taɓa tsallake wata ban aika ba, kuma kuɗin kwalin nan bai kai abin da abokan aikina ke kashewa a cin abinci na dare ɗaya ba. Babu wanda ya taɓa tambayata yadda nake kwana, ko da wa nake magana idan na dawo daga aiki. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Yayan nan da kansa, a duk unguwarmu babu yaron da ya kai shi iya motar kara da ta langa-langa. Shi ya koya mini yanka tsohon silifa a yi taya, kuma Land Rover ɗin Baba yake kwaikwaya, har da kariyarta.

Inna ba ta cikin zauren, ƙanwata ce ta nuna mata hoton. Ta kira ni ta ce, "Wagga ai motar Malam ta," sannan ta shiga ba ni labarin da ban taɓa ji ba: a cikinta aka kai ta asibiti da naƙudata, kuma da aka sayar da ita, kuɗin ne aka yi hidimar auren Yaya da su, abin da ya rage aka sayi hatsi. Ban sani ba ko wannan ne ya sosa masa rai da ya ga hoton. Goggo ta ce in kira shi in gaishe shi kamar ba a yi komai ba, na kuwa kira, muka gaisa, ya tambaye ni sanyi, na tambaye shi iyali, muka ajiye waya. Kuɗin kwano sun isa, an rufe ɗakin Inna kafin damina. Yanzu maganar da ke gabanmu ita ce bikin ƙanwata bayan ƙaramar Sallah. Inna ta kafe sai na zo, Yaya kuma ya aiko ta bakin Goggo cewa gara in turo kuɗin jirgin a ƙara a kayan ɗaki, ni kuwa har yanzu wurin aiki ba su ba ni amsar takardar neman hutuna ba.