Gonar Soja a Ƙasar Ringim

Daga tashar 'Yankaba na shiga motar Haɗeja, muka bi ta Gezawa da Zakirai, na sauka a Ringim hantsi ya ɗaga. Lokacin kaka ne, ko'ina ka duba dammunan gero ne a jingine. Ɗan acaba ya ƙarasa da ni ƙauyenmu ta cikin rairayi, muna tafe muna sauka muna turawa. Abin da ya kai ni shi ne in rubuta asalin gidanmu tun Baffa da Goggo suna da sauran kwana, don a Kano yaranmu daga kaka ba su san sunan kowa ba.

Baffa ya tarbe ni a zaure da kwanon fura, amma da na faɗi abin da ke tafe da ni sai ya nuna cikin gida. "Je ka wurin Goggonka, ɗan nan. Ni iyakokin gonaki na sani, ita ta san wa ya haifi wa."

Goggo ba ta lissafi da shekarun Bature. Wane an haife shi kafin yunwar 'Yar Buhu, wance an kai ta ɗaki shekarar da jirgin Nguru ya fara wucewa. Ni ne na riƙa mayar da su 1927 da 1930 a littafina. A bakinta, kakan mahaifina manomi ne mai gandu, 'ya'yansa maza shida suna yi masa noma da safe, kowa ya koma gayaunarsa da yamma. Gero da dawa na ci ne, gyaɗa kuwa a kai tashar Ringim a sayar a biya haraji. Da yaƙin Hitila ya yi zafi, Turawa suka nemi mutane a hannun sarki, lokacin Ringim tana ƙarƙashin Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Magana ta gangaro daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, ta tsaya a ƙofar gidan da ke da maza shida. Na uku aka ɗauka. Na huɗu, in ji Goggo, babu wanda ya kira shi, ya ga kaki da takalmi ne ya bi wansa da ƙafarsa. Baffa ya ce ƙarya ne, bashin haraji ya kore shi. Na rubuta duka biyun.

Bama aka kai su, ba ta Barno ba, wadda yau ake ce wa Myanmar. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, su suka tsallaka teku zuwa Indiya, daga nan suka shiga daji suka gwabza da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Hausa ce harshen bariki a sojan Najeriya na wancan zamani, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Da yawan 'yan ƙauye irin namu dakon kaya suka yi, harsashi da abinci a ka, a tsaunukan da mota ba ta shiga. Mun saba jin barikin Dalet a Kaduna da na Myohaung da Arakan a Legas, kuma duk wuraren yaƙin Bama ne. Ni dai a ganina an karrama garuruwan fiye da mutanen da suka zubar da jini a cikinsu.

Na uku ya dawo a 1946 da akwatin ƙarfe da lambobin yabo. Na huɗu shiru. Wansa ya ce tun a Indiya aka raba su, kowa da ƙungiyarsa, bai sake sa shi a ido ba.

Da la'asar Baffa ya ɗauki sandarsa muka fita. A nan na gane abin da yake nufi da safe. Kowace gona yana tsayawa a kan iyakarta, inda aka dasa gamba ko aka bar wata tsohuwar gawo, ya ce wannan ta babban wa ce, ta rabu uku tsakanin 'ya'yansa, waccan ta auta ce, an sayar da rabinta shekarar farin 1973. Duk abin da Goggo ta lissafa mini a ɗaki, ga shi a shimfiɗe a ƙasa. Sai muka zo kan wata doguwar gona da ba a yanka ta ba, ita ake kira gonar soja. Da tsoho ya rasu aka zo rabon gado, malamai suka ce wanda ya ɓace ba a ɗauke shi matacce ba, a cire masa rabonsa a ajiye har sa'o'insa su ƙare. Matarsa ta jira abin da shari'a ta ce, alƙali ya sallame ta, ta yi aure a Taura. 'Yan'uwa suka ci gaba da noma gonar da karɓa-karɓa, ana fitar da zakka, ana ba 'yarsa tilo abin da ya samu. Lokacin da ya halatta a raba ta ya zo ya wuce, kowa ya ji nauyin fara maganar.

Wanda ya dawo ɗin ma bai gama da soja ba. Ɗansa na fari ya shiga a 1967 da aka fara yaƙin basasa, uban ya yi rantsuwa ba zai raka shi tasha ba, kuma bai raka shi ba. Shi wannan ya dawo lafiya, ya yi gadi a Kano har ya tsufa.

Na gaya wa Baffa cewa a maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon, akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan dubu 27 da ba a san kabarinsu ba, har da 'yan Najeriya, kuma ana iya duba sunayen a intanet. Matsalar ita ce a soja galibi da sunan gari ake rubuta mutum, wane Kano, wane Ringim, ga masu suna ɗaya birjik. Sai da lamba ake rarrabewa. Goggo ta ce akwatin ƙarfen yana hannun jikar mai shi a Gujungu, kuma ta taɓa ganin takardu a ciki. Ranar Lahadi kasuwar Gujungu ke ci, Baffa zai kai tunkiya, don haka na fasa komawa Kano na jira mu tafi tare.