Abin da Na Koya Wajen Tara Tsofaffin Tabarau Masu Mariƙi

A kasuwar Portobello ta Landan na fara ganin tabarau mai mariƙi, wata ranar Asabar, yana cikin faranti tare da tsofaffin zobba, har na ɗauka abin wuya ne. Sai da mai kayan ta danna wani ɗan maɓalli a gindinsa, gilasai biyu suka zabura suka buɗe, sannan na gane ko mene ne. Turawa na kiransa lonyet, daga wata kalmar Faransanci mai nufin satar kallo, kuma sunan ya dace, domin matan masu hannu da shuni na ƙarni na 19 sukan rataya shi a sarƙa su tafi gidan wasan kwaikwayo, inda kallon jama'a ya fi kallon wasan yawa. Irin mai sifirin ɗin nan, Robert Bate ne ya yi masa rajista a Ingila a 1825.

Na saya ban ko yi ciniki ba, kuma da hannuna na ɓata shi. Da na isa masauki na yi ta buɗewa ina rufewa kamar yaro da sabon abin wasa, har sifirin da ya haura shekara ɗari ya karye. Maƙerin fari da na kai wa ya jujjuya shi ya ce, "Alhaji, ai ransa ke nan ka cire." Ya gyara, amma har yau buɗewar ba ta koma daidai ba.

Tun daga nan sifirin nake fara gwadawa, sau ɗaya tak, sannan in nemi hatimi da madubin ƙara girma. A azurfar Ingila, hatimin zaki mai tafiya shaida ce cewa kashi 925 cikin 1000 azurfa ce, alamar ankar jirgin ruwa kuma tana nufin birnin Birmingham. Gilashin kansa bai dame ni ba, tunda don idon wani aka yanka shi.

Masu mariƙin ɓawon kunkurun teku kuwa na haƙura da su duk da kyansu, saboda yarjejeniyar CITES, ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, ba na son kwastan su ƙwace mini kaya. Da yawansu ma ba ɓawon gaske ba ne, seluloyid ne, wata robar dā mai saurin kama wuta.

Na farkon nan yana wuyan uwargida yanzu, da shi take karanta katin gayyata a wurin biki.