TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 14: Lokacin da nake jera kujeru a Cedar

Jama'a barkanmu da wannan mako. Na yi alkawarin yau zan ba da labarin auren Yaya, to ku yi haƙuri, maganar Cedar ce ta tsaya min a rai tun shekaranjiya da wani ya turo min hoton wajen.

Cedar Cultural Center ɗin nan a Minneapolis yake, jihar Minnesota, unguwar Cedar-Riverside inda 'yan Somaliya suka fi yawa, kusa da dogayen benayen Riverside Plaza. Da can silima ce, tun 1948, sai a 1989 aka mayar da ita gidan kiɗa wanda ba don riba aka buɗe shi ba. Ba irin First Avenue ba ne, gidan kiɗan Minneapolis da kowa ya sani saboda mawaƙi Prince. Nan makaɗan da ba ka taɓa jin sunansu ba ake kawowa, yau mai goge daga Ireland, gobe 'yan Mongoliya masu waƙa da maƙogwaro, jibi Buzaye da gitarsu da rawunansu. Ni da ƙafata na shiga na ce zan yi aikin sa-kai, in jera kujeru, in duba tikiti, in an tashi in kwashe, ladana kawai in kalli wasan kyauta.

Da labari ya je kunnen Kawu sai ya bugo waya, ko gaisuwa babu, ya ce "wanda ya shimfiɗa wa maroƙi tabarma, shi ma maroƙi ne." Wallahi har yau maganar nan tana min ɗaci. Mutumin da bai taɓa tambayar yadda nake biyan haya a cikin sanyin Minnesota ba, kujera ce ta dame shi.

Abin da Kawu bai sani ba, a wajen nan babu mai kirari don a liƙa masa kuɗi. Tikiti ma ba ya riƙe gidan, mutanen gari ne ke ba da gudummawa da gidauniyoyi, ga kuma wani abu da ya ba ni mamaki, a 2008 mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'a da kansu aka ƙara musu harajin saye da sayarwa na tsawon shekara 25, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin yana tafiya harkar al'adu da fasaha. Mutane su ce a ƙara mana haraji don a yi kiɗa! Na gaya wa Inna a waya, dariya ta yi ta ce Turawa ba su da aikin yi. Ita dai ba ta zage ni ba.

Daren da Bombino ya zo, makaɗin gita ɗan Agadez ɗin nan, ina bakin ƙofa sai na ji wani cikin mutanensa ya yi Hausa, na ce sannunku da zuwa, ya juyo kamar wanda ya tsinci ɗan uwansa a tasha. Ranar da wuri muka kwashe kujerun don kowa tsaye yake. Daga 2014 kuma suka fara shirin Midnimo da jami'ar Augsburg, ana ɗauko mawaƙan Somaliya irin su Maryan Mursal, sai ka ga iyaye mata da hijabansu sun cika zauren suna hawaye, matan da ke wucewa ta ƙofar kullum ba su taɓa leƙowa ba. Su ma maroƙa ne, Kawu?

Shekarun da suka biyo baya ba wani abin faɗa, aiki ne da makarantar yara. Korona ta rufe wajen a 2020, da aka buɗe kuma gwiwata ta riga ta ƙi.

Na tsallake wani abu ma. Ɗan Kawu na biyu, kun san shi, yanzu waƙa yake yi yana sawa a YouTube, kuma bara uban da bakinsa ya ce ko na san wanda zai taimaka masa a Amurka, tunda ni na san mutanen. Tabarmar da na shimfiɗa ce ake nema yanzu. Na ce ya turo waƙoƙin in ji, har yau bai turo ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, auren Yaya da rigimar da aka yi a kan waliyyi.