Na zo da gudu, aka ce in zauna

Watana biyar a Jamus mura ta kama ni. Ina aiki a wani katafaren sito, ɗaga kwalaye da jera su tun asuba, kuma ban fita daga watanni shida na gwaji ba, lokacin da mai aiki zai iya sallamar mutum da sanarwar mako biyu kacal. Wanda yake tsaye a kan irin wannan siraɗi ba ya cewa mura ta hana shi fita. Na haɗiyi maganin zazzaɓi, na ƙara rigar sanyi a kan wata, na ci gaba da zuwa. Ranar Lahadi ma har ƙwallo na buga da 'yan unguwa, wai zufa za ta kore ta.

Murar ta tafi. Bayan kamar kwana goma sai na lura matakalar gidanmu ta ƙara tsawo. A hawa na uku nake, da can a guje nake haye ta, yanzu kuwa sai na tsaya sau biyu ina haki. Daren wata Talata na farka da nauyi a ƙirji kamar an aza mini dutse, zuciyata tana bugawa tana tsallake bugu, ta yi shiru, ta dawo da ƙarfi. Maƙwabcina, wani dattijo da ya riga ni zuwa ƙasar da shekara ashirin, shi ya same ni zaune a bakin ƙofa. Na ce masa mu bari gari ya waye. Ko kallona bai yi ba, ya danna 112, lambar kiran gaggawa.

A asibiti aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka sake ɗiba bayan 'yan sa'o'i. Abin da suke nema wani sinadari ne mai suna turoponin, wanda ke zubowa cikin jini idan tsokar zuciya ta ji rauni. Nawa ya hau sosai. Da farko sun yi zaton jijiya ce ta toshe, don haka suka zura siririn bututu ta wuyan hannuna har zuwa zuciya suka duba. Jijiyoyin duka a buɗe suke. Bayan kwana biyu aka saka ni cikin na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, aka ɗura mini wani ruwa ta jijiya don hoton ya fito, wata murya tana ta ba ni umarni ta cikin abin kunne: ja numfashi, sake shi, riƙe. Na yi wata biyar ina fama da Jamusanci bai zauna ba, amma waɗannan kalmomi uku a ranar suka zauna mini daram.

Takardar da aka ba ni tana ɗauke da kalma ɗaya mai tsawon igiyar guga: Herzmuskelentzündung. Kumburin tsokar zuciya ke nan. Likitar ta zauna a gefen gadona ta zana mini a takarda. Ta ce galibi ƙwayar cutar bairos ce ke jawo shi, irin wadda ke kawo mura ko gudawa. Ƙwayar takan kai ga zuciya, sojojin jiki su bi ta can su yi yaƙi, tsokar ta kumbura a tsakiyarsu. Ta ce ya fi samun matasa maza, masu ji da ƙarfinsu. Lafiyayyar zuciya tana tura kashi 55 cikin 100 ko fiye na jinin da ke babban ɗakinta a kowane bugu. Tawa ta sauko zuwa 40.

Na tambaye ta allurar da za ta kashe ƙwayar. Ta ce babu, jiki ne ke gama wannan aikin da kansa. Abin da za su iya shi ne rage wa zuciyar kaya har ta farfaɗo. Aka ba ni ƙwayoyi biyu, sunayensu kamar yadda suke a jikin kwali ramipril da bisoprolol: na farko yana sassauta jijiyoyi don kada zuciyar ta yi turi da wahala, na biyu yana rage mata gudu. Aka hana ni ibuprofen, wanda da can nake sha kamar ruwa duk lokacin da baya ya yi tsami. Aka ce in riƙa hawa sikeli kowace safiya, idan na ga ƙarin kilo biyu cikin kwana uku ko ƙafafuna sun kumbura in dawo, alamar ruwa ne ke taruwa. Sannan ta zo kan babban maganin: wata uku zuwa shida ba ƙwallo, ba gudu, ba ɗaukar kaya. Ta ce kumburarriyar zuciya idan aka matsa mata, bugunta na iya rikicewa nan take, mutum ya yanke jiki ya faɗi.

Wannan ne ya fi mini ɗaci. Ni da ƙarfina na zo ƙasar nan. Ba harshe, ba dangi, ba takardar shaidar da suka yarda da ita, jarina ke nan kafaɗu biyu. Ga shi an ce in ajiye su. Ta fuskar kuɗi abin bai kai yadda na ji tsoro ba: da takardar likita, mai aiki yana biyan albashi na mako shida, daga nan inshorar lafiya ta karɓa tana biyan wani kaso. Amma ba wanda ya gaya mini yadda yini ke tsawo ga wanda jikinsa daga waje lafiya lau yake. Ba bandeji, ba sanda, ba rama. Wani abokin aiki ya gan ni a tashar bas ya ce ai na murmure, har da dariya. Na rasa ta inda zan fara masa bayani.

Mako uku na ɓoye wa gida. Umma ce ta kama ni, daga jin yadda nake yanke magana ina jan numfashi. Ta ce, "Ɗan nan, me kake ɓoye mini?" Na ce, "Umma, ɗan ciwon zuciya ne, amma da sauƙi." Ta yi shiru, can ta ce, "Wa ya ɓata maka rai a can? Ko kewa ce?" Na ɗauki lokaci kafin in fahimtar da ita cewa nama ne ya kumbura, ba baƙin ciki ba ne. Har yau ban tabbata ta yarda gaba ɗaya ba, kuma a wasu dararen lokacin ni ma nakan ce ƙila tana da nata kason gaskiyar.

Tafiya a hankali kaɗai aka yarje mini. Na fara da minti goma, hannuwana sanyi ƙalau saboda bisoprolol, ga busasshen tarin da ramipril ya sa mini har sai da aka canza shi da wani. A wannan tafiyar ta tsofaffi na san unguwar da na yi wata biyar ina kwana a cikinta. Ashe akwai ɗakin karatu a bayan layinmu, ashe a can ake ajin koyon harshe da rana, lokacin da da can nake sito. Na shiga. Na riƙa zuwa ganin likita da tambayoyina a rubuce, tun ina karantawa ana gyara mini har na daina duba takardar. Tsoro dai bai bar ni da wuri ba. Duk ɗan motsin da na ji a ƙirji sai in dafe wuyan hannu ina ƙirga bugu, wani lokaci har asuba.

A wata na uku hoton zuciya ya nuna jinin da take turawa ya hau zuwa kashi 48. A na shida aka rataya mini wata 'yar na'ura da ta kwana ta yini tana naɗar bugun zuciyata, sannan aka ɗora ni a kan keken gwaji ana ƙara masa nauyi, likita yana kallon allo. Lissafin ya kai 56. MRI na biyu ya nuna ɗan tabo da zai yiwu ya zauna, don haka ina ci gaba da shan ƙwaya ɗaya, ina zuwa dubiya sau ɗaya a shekara. Yawancin masu wannan ciwo suna warkewa, amma akwai waɗanda zuciyarsu ke buɗewa ta raunana na dindindin, shi ya sa ba sa sakin mutum haka nan.

Na koma sito, amma yanzu a teburin karɓar kaya nake, inda ake buƙatar baki fiye da kafaɗa. Hunturun da ya wuce mura ta sake kama ni, da zazzaɓinta. Ƙarfe biyar da rabi na asuba na kira shugaban sashenmu, na gaya masa da Jamusanci cewa ba ni da lafiya, ba zan zo ba, na kashe fitila na koma na kwanta.