Ranar da maratayin jakata ya tsinke a kan dutse

Asabar, da daddare.

Yanzu na fitar da ƙafafuna daga ruwan ɗumi, babban yatsan hannuna na hagu kuma yana naɗe da filasta, don haka rubutun nan da ƙyar yake fita. Amma in na bari sai gobe, rabin abin zai zube mini.

Yau ce ranar gwajin jakar goyon da na shafe mako uku ina fama da ita a kan keken ɗinki. Sai wajen ƙarfe ɗayan daren jiya na ɗinke maratayanta biyu, ido na lumshewa. Ƙanina da ya ga ina ta kici-kici sai ya ce, "Yaya, ai ba a fafe gora ranar tafiya." Na ce masa ya je ya kwanta. Da asuba na ɗora ta a sikeli, kilo 11: tamfol, ɗan gatari, wuƙaƙe biyu, tukunyar ƙarfe, igiya, da ruwa lita 3, wanda shi kaɗai kilo 3 ne.

Hanyar da muka zaɓa a taswira kilomita 12 ce, da hawa na mita 600. Akwai wani lissafi da masu hawan dutse ke yi, wanda William Naismith, mutumin Sikotland, ya fitar a 1892: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, a ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 600 na hawa. Da wannan lissafin, cikin awa uku da rabi ya kamata mu gama. Sai dai shi Naismith bai sa hutu a ciki ba, bai kuma sa ni da tsaye-tsayena ba, mai tsayawa gaban kowane reshen da ya faɗi yana jujjuya shi ko zai yi cokali.

Awa biyun farko lafiya lau. Raɓa ta jiƙa mana ƙafar wando, muka tsallake ƙorama biyu, muka fara hawa. Jakar ta zauna mini daram a baya, har na fara yi wa ƙanina cika baki.

Muna tsakiyar wani wuri mai tsakuwa, na ɗaga ƙafa zan taka wani falalen dutse, sai na ji "ɓarr" a kafaɗar dama. Kafin in ankara jakar ta karkace ta ja ni gefe, na durƙusa da gwiwa ɗaya. Allah ya kiyaye ba a bakin kwazazzabo ba ne. Ƙanina ya fara tambaya ko na ji ciwo, da ya ga lafiya nake, sai ya zauna a kan dutse ya yi dariyarsa mai isarsa.

Da na sauke jakar ban ɓata lokacin neman dalili ba, domin ni na yi ɓarnar, na kuma tuna lokacin da na yi ta. Layi ɗaya tak na bi a kan maratayin, da zaren auduga na ɗinkin riga, saboda zaren roba mai ƙarfi ya ƙare mini kuma barci ya ci ƙarfina. Wurin da nauyi ke rataya ba a yi masa layi ɗaya. Ana ɗinka murabba'i ne, a ratsa shi da gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa, yadda nauyin zai bazu a kan ɗinki da yawa. Na san wannan sarai, ganganci ne kawai. Yadin bai yage ba, maratayin ma lafiyarsa ƙalau, zaren ne ya bi layi ya tsintsinke.

Abin da ya cece mu igiyar laimar sauka ce, irin wadda sojojin Amurka suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. Wadda ake kira 550 tana ɗaukar nauyin da ya kai kusan kilo 250 kafin ta tsinke, amma ni ba ƙarfinta ne ya dame ni yau ba, cikinta nake so. In ka yanke ta, akwai siraran zaruruwa 7 a cikin rigarta. Na yanko kamu ɗaya, na zaro zare guda, na goga masa kakin zuma don kada ya warware, na zura allura a kowane bakinsa. Da basilla na huda ramuka, sannan na riƙa shigar da alluran biyu cikin rami ɗaya, wannan ta gaba, wancan ta baya, irin ɗinkin dukawa. Daɗin wannan ɗinkin shi ne ko zare ya tsinke a wuri guda, ɗayan yana riƙe, ba ya zarcewa kamar na keke. Minti arba'in ya ci mini. Munin ɗinkin kuwa ba a magana, amma na rataya jakar a reshe na ja da dukkan ƙarfina, ko gezau.

Mun isa saman da rana ta take. Iska na kaɗawa sosai, sai muka gangara kaɗan muka kafa tamfol tsakanin itatuwa biyu. Na koya wa ƙanina ƙullin Prusik, wanda aka sa wa sunan Karl Prusik, mai hawan dutse ɗan Ostiriya da ya bayyana shi a 1931. Siririyar igiya ce ake naɗawa sau uku a jikin mai kauri: in ka tura ƙullin da hannu ya zame, in nauyi ya ja shi ya cije. Sau biyu na nuna masa, a na uku ya fi ni iyawa, abin ya ɗan ba ni haushi.

Wuta kuma da ƙyastu muka kunna. Ashana na aljihu, amma ba ta da daɗin labari. Sandan ƙyastun zamani haɗin ƙarfe ne da Carl Auer von Welsbach ya ƙirƙiro a 1903, tartsatsinsa na kai zafin digiri 3,000, kuma ko ya jiƙe yana aiki. Duk da haka tartsatsi ba ya kama icce kai tsaye. Sai da na tsaga busasshen reshe, na fere cikinsa siriri-siriri har ya yi gashi kamar gezar masara, sannan ya kama a ƙyastawa ta shida. Ƙanina ya kwaso duwatsu daga cikin ƙorama zai yi murhu, na hana shi, don dutsen da ya sha ruwa yana iya fashewa in ya ji wuta. Muka ɗebi ruwan ƙoramar, muka tace da ƙyalle, muka bar shi ya tafasa sosai na minti ɗaya kafin mu cika gorunanmu.

Sai kuma cokali, wanda shi ne ainihin abin da ya fito da ni. A hanya na tsinci wani reshe da iska ta karya kwanan nan, ganyensa ma bai gama yaushi ba, kaurinsa kamar damtsena, da ɗan lanƙwasa a tsakiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tun yana ɗanye kuma ake sassaƙa shi, wuƙa na shiga kamar ana yankan sabulu. Lanƙwasar nan ita ce dukiyar, domin jijiyar iccen ta riga ta bi siffar cokali da kanta, daga mariƙi zuwa baki, ba sai ka yanke ta ba.

Na ɗora gatari a kan reshen na buga da gungume, ya rabe biyu ta tsakiya. Daga nan na sassaƙe ɓargon tsakiyar nan kakaf. Cokulana uku na farko duk a nan suka mutu: na bar ɓargon a ciki, da suka bushe suka tsage tun daga baki. Icce in yana bushewa ya fi tsukewa ta kewaye a kan ta tsakiya zuwa waje, kusan ninki biyu, to in ɓargon na nan sai ya zama mafarin tsaga. Na zana siffar da gawayi, na rage da gatari, na koma wuƙa. Lanƙwasasshiyar wuƙar kuma ita ta rarake cikin, a gicciye, kaɗan-kaɗan, ina taɓawa da yatsu biyu ina jin kaurin.

A wuyan cokalin na yanke. Nan ne jijiyar icce ke juyawa, dole ka sassaƙo daga ɓangarorin biyu ku haɗu a tsakiya. Ni kuwa na matsa daga ɓangare ɗaya, wuƙar ta cije, na ƙara ƙarfi, ta kuɓuce ta sami yatsa. Ba mai zurfi ba ne. Na wanke da tafasasshen ruwan da ya huce, na danne, ƙanina ya naɗa mini filasta yana cewa, "Yaya, yau dai kai da kayanka ba ku jituwa."

Kafin mu tashi mun kashe wutar da ruwa, muka gauraya tokar, muka sake zubawa, sai da na sa tafin hannu na ji sanyi. Gangarowa ta fi hawa cin gwiwa. Awa bakwai da 'yan mintuna muka yi gaba ɗaya, ninki biyun lissafin Naismith, ɗinkin kan dutse kuma bai motsa ba har gida.

Cokalin yana cikin jakar takarda tare da ɓarɓashinsa, don ya bushe a hankali. Sai bayan mako ɗaya ko biyu zan yi masa sassaƙar ƙarshe in shafa masa mai. Maratayin hagu kuwa na duba shi ɗazu da tocila, zare uku sun riga sun saki. Gobe zan farke shi, amma na dama zan bar shi da muninsa.